DOKI DA RAƘUMI: KWAMFUTAR SANA'A DA BABBAR KWAMFUTAR TEBUR

Abin da nake so in yi bayani a kansa shi ne wasu irin kwamfutoci guda biyu waɗanda suka yi kama da juna ƙwarai da gaske. In an ajiye su a kan tebur ɗaya, da wuya mutum ya bambanta su da ido. Kowacce baƙin akwati ce mai fanka a ciki, kowacce tana da tsada. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Ta farko ita ce wadda zan riƙa kira kwamfutar sana'a, watau wadda Turawa da 'yan kasuwa ke kira wokisteshan. An ƙera ta ne domin injiniyoyi, da masu zanen gine-gine, da masu binciken kimiyya, da masu haɗa finafinai. Ta biyu kuwa ita ce babbar kwamfutar tebur, watau kwamfutar gida wadda aka zuba wa kaya mafi ƙarfi da ake samu a kanti. Galibi masu wasannin kwamfuta da masu sha'awar abin ne ke sayenta.

Wani zai ce ina ruwanmu da wannan, mu da muke fama da jarrabawa? Lalle da ruwanmu. Da yawa daga cikinmu in mun gama nan muna fatan karanta aikin injiniya, ko zanen gine-gine, ko safiyo, ko ilimin kwamfuta. Ran nan za a wayi gari yaro ya dawo hutu ya ce wa mahaifinsa, "Baba, an ce sai da kwamfuta mai ƙarfi." Uban kuwa zai tafi kanti da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, mai kanti ya yi ta jero masa sunaye da lambobi har kansa ya ɗaure. Kuɗin waɗannan na'urori ba na wasa ba ne: wata ta kai kuɗin babur, wata ta zarce kuɗin mota. Saboda haka ya kamata mu san abin da ake biya wa kuɗin.

Ni a ganina misalinsu kamar doki ne da raƙumi. Doki ya fi gudu, ya fi kyan gani ranar hawa. Amma fataken da ke ɗauko gishiri daga Bilma ba sa ɗora shi a kan doki, domin abin da suke bukata shi ne dabbar da za ta ɗauki kaya mai nauyi, ta yi kwana da kwanaki tana tafiya, ta kai kayan lafiya. Babbar kwamfutar tebur doki ce. Kwamfutar sana'a raƙumi ce, abin da ake saye a wurinta kuwa shi ne amana.

ASALIN RABUWAR

A farkon shekarun 1980 babu mai rikita waɗannan biyu. Kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur a 1981, mafi araharta tana kan dala 1,565, kuma ba ta wuce aikin rubuta wasiƙa da lissafin kanti da ƙananan wasanni ba. A daidai wannan zamani sai wasu kamfanoni a Amurka, irin su Apollo da aka kafa a 1980, da Sun Microsystems da aka kafa a 1982, da Silicon Graphics, suka shiga ƙera wata irin na'ura dabam domin injiniya ɗaya ya zauna a gabanta shi kaɗai ya yi aikin da a da sai an yi layi a gaban ƙatuwar kwamfutar ma'aikata. Waɗannan na'urori suna da babban allo, suna haɗuwa da junansu ta waya, yawancinsu suna aiki da tsarin Unix, kuɗinsu kuwa ya ninka na kwamfutar gida sau da yawa.

Manyan ayyuka sun fito daga cikinsu. A kan irin wannan na'ura, ƙirar kamfanin NeXT, Tim Berners-Lee ya haɗa yanar gizo ta farko a 1990, a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janiba. Dabbobin da aka gani a fim ɗin Jurassic Park na 1993, da na'urorin Silicon Graphics aka zana su. Fim ɗin Toy Story na 1995, wanda shi ne dogon fim na farko da aka zana gaba ɗayansa da kwamfuta, na'urorin Sun sama da ɗari aka jera suka yi ta fitar da hotunansa dare da rana.

To, amma kwamfutar gida ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Da yake miliyoyi ake ƙerawa, sai kayanta suka yi ta ƙara ƙarfi suna kuma ƙara araha. Tsarin Linux ya bayyana a 1991, Windows NT a 1993, sa'an nan kamfanin Intel ya fito da ƙwaƙwalwar Xeon a 1998 domin manyan ayyuka. Daga nan kasuwar tsofaffin kamfanonin ta fara mutuwa. Tun 1989 HP ya saye Apollo, Silicon Graphics ya karye a 2009, Oracle kuma ya saye Sun a 2010. Yau kwamfutar sana'a da babbar kwamfutar tebur duk daga gida ɗaya zuciyarsu ke fitowa, watau Intel da AMD da Nvidia, kuma duk suna karɓar Windows ko Linux. Wannan shi ya sa tambayar ta zama mai wuya: in uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, don me ɗaya ta fi ɗaya tsada?

AMANA: MA'AJIYA MAI GYARA KUSKURE

Babban bambanci yana cikin abin da ake kira ram, watau ma'ajiyar da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take yi a halin yanzu. Duk wanda ya yi lissafin tushe biyu a aji ya san kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya. Rubutu, da hoto, da zanen gada, da albashin ma'aikata, duk jerin sifili da ɗaya ne, biliyoyinsu, kowanne yana zaune a wani ɗan gurbi da ido ba ya gani. Wani lokaci ɗaya daga cikinsu yakan juye da kansa, sifili ya koma ɗaya ko ɗaya ya koma sifili. Dalilan suna da yawa: lahanin ƙira, ko tsufa, ko wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfi da ke saukowa daga sararin samaniya suna ratsa rufi da bango.

Mai karatu zai ce, ɗaya tak cikin biliyoyi me zai ɓata? Ga misali. A zaɓen ƙasar Beljiyam na 2003, a gundumar Schaerbeek ta birnin Burasal, na'urar ƙidaya ta ba wata 'yar takara ƙarin ƙuri'a 4,096 waɗanda babu wanda ya jefa su. An gane ne saboda ƙuri'unta sun zarce abin da zai yiwu. Ku dubi wannan lamba da kyau, 'yan'uwa. A tushe biyu darajar gurabe tana tafiya ne 1, 2, 4, 8, 16, kowanne ninkin na bayansa, har gurbi na goma sha uku, wanda darajarsa 4,096 ce cif. Masu binciken da aka naɗa suka ce abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne sifilin da ke wannan gurbi ne ya juye ya zama ɗaya. Sifili ɗaya, ƙuri'a dubu huɗu da casa'in da shida.

Kuma abin ba na nadiri ba ne kamar yadda ake zato. A 2009 Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto, tare da wasu injiniyoyi biyu na kamfanin Google, sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan ɗimbin kwamfutocin kamfanin na tsawon shekara biyu da rabi. Sun gano cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na na'urorin suna samun aƙalla kuskure ɗaya a ma'ajiyarsu cikin shekara.

Maganin wannan ciwo tsoho ne. Wani masanin lissafi mai suna Richard Hamming, wanda ke aiki a ɗakin bincike na Bell a Amurka, shi ya bayyana dabarar a 1950. Ga yadda za mu fahimce ta. A ce akawun sito ya rubuta yawan buhunan da ke hannunsa a jeri-jeri cikin littafi. A ƙarshen kowane layi ya rubuta jimlarsa, a ƙasan kowane rukuni kuma ya rubuta tasa jimlar. In wani ya zo da dare ya canja lamba ɗaya, da safe akawu zai ga layi ɗaya bai yi daidai da jimlarsa ba, rukuni ɗaya ma haka. Inda layin da rukunin suka gamu, nan ɓarnar take. Ya san wurin, ya kuma san lambar da ya kamata ta kasance a wurin, sai ya gyara. Dabarar Hamming ta fi wannan wayo da tsimi, amma tushensu ɗaya ne.

Ma'ajiyar da ke yin wannan aiki ana rubuta mata haruffa uku, ECC. A tsarin da aka daɗe ana amfani da shi, kowane gurbi 64 na aiki ana ƙara masa gurbi 8 na tsaro. In ɗaya ya juye, na'urar za ta gyara shi nan take ba tare da mai aiki ya sani ba. In biyu suka juye a lokaci ɗaya, ba za ta iya gyarawa ba, amma za ta gane, ta yi ƙara ko ta tsaya. Yawancin kwamfutocin tebur, kome tsadarsu, ba su da wannan cikakken tsaro. In sifili ya juye a cikinsu sai su ci gaba da aiki abinsu, da kuskuren a ciki.

Ga mai wasa wannan ba kome ba ne. Iyakarta ɗigo ɗaya ya canja launi a allo, ko wasan ya tsaya ya sake kunnawa. Amma a ce injiniya ne ya bar na'ura kwana uku tana lissafin nauyin da ginshiƙan bene za su ɗauka, ko masanin magunguna yana gwajin da zai kafa hujja da shi. Kuskuren da ya tsayar da na'ura ma da sauƙi, domin an gan shi. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya shige shiru ya zauna cikin sakamako, aka buga hatimi a kai.

GUDU DA ƊAUKAR KAYA

Bambanci na biyu yana cikin ƙwaƙwalwar na'ura, wadda ake kira furosesa. Furosesa ta zamani a cikinta akwai ƙananan ƙwaƙwale da yawa, kowacce tana iya aikinta dabam. Bari mu kira su ma'aikata. Manyan furosesoshin tebur, irin su Ryzen 9 na AMD da Core i9 na Intel, suna da ma'aikata daga 16 zuwa 24. Na sana'a kuwa sun zarce haka nesa: Threadripper Pro da AMD ya fitar a 2023 yana da ma'aikata har 96.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su ɗauka 96 ya fi 24 a kowane hali. Ba haka abin yake ba. Aiki iri biyu ne. Akwai irin noma, wanda in ka kira gayya ta mutum casa'in za su gama gonar kafin azahar. Akwai kuma irin haƙar rijiya, wadda ko ka tara mutanen gari duka, mutum ɗaya ne zai shiga ramin, sauran sai kallo. A haƙar rijiya ƙato ɗaya mai hanzari ya fi taron jama'a.

Ma'aikatan furosesar tebur kaɗan ne, amma masu hanzari ne. Core i9 na 2023 yana kai gudun gigahaz 6, alhali wancan mai ma'aikata 96 iyakarsa kaɗan ya haura 5, kuma in aka sa su duka aiki a lokaci ɗaya gudun nasu yana sauka sosai saboda zafi da cin wuta. Wasanni, da aikin ofis, da yawancin zanen da ake yi da manhajar AutoCAD, duk sun fi kama da haƙar rijiya. A irin waɗannan ayyuka babbar kwamfutar tebur takan tsere wa kwamfutar sana'ar da ta ninka ta kuɗi. Amma fitar da hotunan fim ɗaya bayan ɗaya, da gwajin yadda iska ke bugun fiffiken jirgi, da hasashen yanayi, waɗannan aikin gayya ne, kuma nan raƙumi ke nuna halinsa.

Sai kuma maganar ƙofofi. Ma'aikata ba su da amfani in kayan aiki ba ya isowa gare su. Tsakanin furosesa da ma'ajiya akwai hanyoyi. Kwamfutar tebur hanya biyu gare ta, manyan kwamfutocin sana'a kuwa har takwas. Ku kwatanta kasuwa mai ƙofa biyu da mai ƙofa takwas ranar da ta cika. Haka kuma girman ma'ajiyar: ta tebur takan tsaya a gigabait 128 zuwa 256, ta sana'a kuwa tana iya ɗaukar terabait ɗaya ko biyu, kowane terabait kuwa gigabait dubu ne da ɗoriya. Akwai ayyukan da in ba su shiga cikin ma'ajiya gaba ɗaya ba, to na'urar sai ta riƙa jan ƙafa ko ta kasa sam, kome hanzarin ƙwaƙwalwarta. Har ila yau kwamfutar sana'a tana da wurin soka katunan hoto uku ko huɗu da faifan ajiya masu yawa, kowanne da cikakkiyar hanyarsa, abin da ta tebur ba ta iyawa.

KATIN HOTO DA TAKARDAR SHAIDA

Katin hoto shi ne sashen da ke zana duk abin da muke gani a allo, kuma a yau ana ɗora masa manyan lissafai, har da na ƙirƙirarriyar basira. A nan akwai misali mai ban mamaki. A 2022 kamfanin Nvidia ya fito da kati biyu, GeForce RTX 4090 domin masu wasa, da RTX 6000 Ada domin masu sana'a. Ƙwaƙwalwar da ke cikinsu iri ɗaya ce. Na wasa an sa masa dala 1,599, na sana'a kuwa wajen ninki huɗu na haka. A wasanni kuma na arahar ba ya jin tsoron mai tsadar ko kaɗan.

To, me aka saya da ƙarin kuɗin? Na farko, ma'ajiya: na wasa gigabait 24, na sana'a 48. Na biyu, cin wuta: na wasa wat 450, na sana'a 300, kuma an yi shi siriri domin a jera da yawa cikin akwati ɗaya. Na uku, wanda shi ne babba ga kamfanoni, takardar shaida.

Ga abin da ake nufi da ita. Kamfanonin da ke rubuta manhajojin sana'a, kamar Autodesk mai AutoCAD da Revit da Maya, ko Dassault na Faransa mai CATIA da SolidWorks, sukan gwada manhajarsu a kan wasu na'urori da katuna na musamman, su tabbatar kome yana tafiya daidai, sa'an nan su sa sunan na'urar cikin jerin waɗanda suka amince da su. In injiniya ya samu matsala ya kira su, tambayar farko ita ce, "Wace na'ura kake amfani da ita?" In tana cikin jerin, sai su bi masa kadi. In ba ta ciki, suna iya cewa laifin na'urarsa ne. Kwamfutoci irin su jerin Z na HP, da ThinkStation na Lenovo, da waɗanda Dell ya daɗe yana sayarwa da sunan Precision, da wannan shaida ake tallarsu. Yawanci kuma sukan zo da garanti na shekara uku, har da alkawarin aiko makaniki inda na'urar take, a wuraren da kamfanin ke da wakilai.

Kamfanin da ke biyan injiniya albashi mai tsoka, in na'urarsa ta tsaya kwana biyu, asarar da zai yi ta fi bambancin kuɗin da ke tsakanin na'urorin biyu. Shi ya sa ba ya ciniki. Ɗalibi kuwa lissafinsa dabam ne.

INDA DOKI YA FI

Kada a ɗauka ina yabon raƙumi ne kawai. Babbar kwamfutar tebur tana da nata fifiko. Kowace naira da aka kashe a kanta ta fi sayen gudu. Kayanta na kowa da kowa ne: in akwatin wutarta ya ƙone, kowane kanti ana samun madadinsa, kuma mutum yana iya harhaɗa ta da hannunsa, ya riƙa canja sassanta ɗaya bayan ɗaya gwargwadon ƙarfin aljihunsa. Kwamfutocin sana'a na manyan kamfanoni kuwa sau da yawa akwatin wutarsu da allon da ke riƙe da sassansu ƙirar kamfanin ce shi kaɗai. In suka lalace sai an nemo irinsu, wani lokaci sai an yi odarsu daga waje.

Bugu da ƙari, iyakar da ke tsakaninsu tana ta dushewa. Tun 2017 AMD ya fito da Threadripper wanda ba na sana'a sosai ba, mai hanya huɗu zuwa ma'ajiya, yana tsaye tsaka-tsaki. Wasu furosesoshin tebur suna karɓar ma'ajiyar ECC in an haɗa su da allon da ya dace. Ƙananan kwamfutocin sana'a kuma da yawansu furosesar tebur ce a cikinsu, wasu ma ba a sa musu ECC ba sai an nema. Saboda haka sunan da ke jikin akwati ba hujja ba ne. A buɗe takarda a karanta abin da ke ciki.

SHAWARA GA MAI SAYE

In da za a tambaye ni, sai in ce mai saye ya yi wa kansa tambaya uku kafin ya taɓa aljihu. Ta ɗaya, in wannan na'ura ta yi kuskuren da ba a gani ba, me za a rasa? Ta biyu, in ta tsaya kwana uku, wa zai yi asara, kuma ta nawa? Ta uku, aikin da za a ba ta yana shiga cikin ma'ajiyar kwamfutar tebur, ko ya fi ƙarfinta? In amsar ta farko ita ce rai ko dukiyar mutane, in ta biyu kwangila ce za ta kuɓuce, in ta uku aikin ya fi ƙarfin ta tebur, to a sayi raƙumi, kada a ji ciwon kuɗin. In kuwa aikin makaranta ne, da koyon zane, da haɗa gajerun finafinai, da wasa ranar hutu, to doki ya wadatar, kai ko matsakaicin doki ma. Manhajojin da ake koyarwa a jami'a suna tafiya lafiya a kan kwamfutar tebur mai kyau, kuma zanen ɗalibi in ya ɓaci maki ne zai ragu, ba bene ne zai rushe ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai hanya ta uku wadda ta shafe mu a nan ƙasar. Kamfanonin Turai da Amurka sukan sallami kwamfutocinsu na sana'a bayan 'yan shekaru, kuma da yawansu suna ƙarewa a kasuwanninmu a matsayin na hannu, da araha mai jan hankali. Da yake an ƙera su da ƙwari, wasunsu suna da sauran rai sosai, kuma ɗalibi yana iya samun ma'ajiya mai yawa da kuɗi kaɗan. Amma a kula da shekarunsu. Furosesar sana'a mai shekara goma, sabuwar matsakaiciyar furosesar tebur tana iya tsere mata, ga shi kuma tsohuwar ta fi cin wuta. Sa'an nan kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa bai amince da yawancin furosesoshin da suka girmi 2017 ba. Wanda ya sayi irin wannan tsohuwa ya shirya koyon Linux, wanda shi ma ilimi ne mai amfani. A kuma tambayi mai kanti ya kunna ta, a ga sunan furosesa da yawan ma'ajiya a allo da ido, kada a tsaya ga takardar da aka manna a jiki. Matambayi ba ya ɓata.

Sai maganar wuta, wadda mai kanti ba zai tuna maka ba. Furosesar nan mai ma'aikata 96 ita kaɗai tana cin wat 350, katin hoto ya ci 300 ko fiye, ga allo ga sauran kaya. In aiki ya yi zafi jimlar takan doshi wat dubu, watau kwatankwacin dutsen guga da aka bari a kunne yini guda. Ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, mai sola kuma sai ya sake lissafin batiransa. Babbar kwamfutar tebur ma ba ta da sauƙi ta wannan fuska. Kuma ma'ajiyar ECC, duk amanarta, ba ta da maganin ɗaukewar wuta: in aka ɗauke, aikin kwana uku ya tafi. Don haka duk wanda zai sayi ɗaya daga cikinsu ya ware kuɗin akwatin batir mai riƙe wuta, wanda ake kira UPS, tun kafin ya fara ciniki. Ya kuma tanadi ɗaki mai iska saboda zafin bazara, ya riƙa share ƙurar hunturu daga fankokinta, ya riƙa ajiye kwafin aikinsa a wani wuri dabam.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kada mu matsa wa iyayenmu su sayi suna domin a ce mu ma muna da ita. Mu fara sanin aikin tukuna, mu tambayi malamanmu da waɗanda suka riga mu shiga fagen irin na'urar da aikin ke bukata. Ranar da ɗayanmu ya zama injiniyan da za a danƙa wa lissafin gada ko madatsar ruwa, ranar ce zai nemi raƙumi, kuma a lokacin aikin da kansa zai biya kuɗinsa. Iyayenmu kuma ina roƙonsu, in yaro ya zo da bukatar kwamfuta mai ƙarfi, a zaunar da shi a yi masa tambayoyin nan uku. In ya amsa su da hujja, to kuɗin makarantar da ake biya bai tafi a banza ba.